RUMBUN IRIN ITATUWA

Zuwa ga manoma masu karatu, da dagatai da masu unguwanni.

Ko wane manomi na kirki ya san bambancin hatsin ci da hatsin iri. Ran da aka yi girbi, tun ba a kai dami rumbu ba, mai gida ya kan zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure ta dabam, ya rataye ta inda gara da ɓera ba su kai. Kome tsananin yunwa ba a taɓa ta sai ruwan shuka ya sauka. Wanda ya ci irinsa da bazara, da damina sai ya bi gidajen mutane yana roƙo, abin da aka ba shi kuwa shi zai shuka, ko ya dace da ƙasarsa ko bai dace ba. Wannan duka kun sani, ba sai Malamin Gona ya gaya muku ba. Abin da takardar nan ta ke so ku duba shi ne, gero da dawa da wake suna da masu ajiye musu iri, amma itatuwan dajinmu ba su da kowa.

In kuna so ku ga inda abin ya kai, ba sai kun yi nisa ba, ku dubi sunayen unguwanni. A Kano akwai Giginyu, akwai Kurna, akwai Ɗorayi. A Kaduna akwai Kawo da Unguwar Rimi. A Zariya akwai Ƙofar Doka. Duk sunayen itatuwa ne. To, a kama hannun yaron da aka haifa a Kawo a ce ya nuna itacen kawo, a gani ko zai iya. A ƙauye ma an kama hanyar haka. Ku zauna da tsohon da ya fi kowa shekaru a garinku, ku ce ya lasafta muku itatuwan da ya ke wucewa tsakanin gari da gona sa'ad da ya ke yaro: ƙirya, marke, maɗaci, madobiya, kanya, ɗinya, taura, tsada, danya, hano, sanya. Sa'an nan ku bi hanyar nan da ƙafarku, ku ƙirga. A wurare da yawa, balle daga Kano zuwa arewa, abin da za ku tarar shi ne darbejiya, sai gawo jefi-jefi, sai sabara da kalgo da tumfafiya.

Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da na 1984, sun kashe na kashewa. Amma fari zuwa ya ke yi ya wuce, gatari ne ya zauna. Mutane sun yi yawa, an daina barin saura, ko wace gona sai an nome ta ko wace shekara. Ɗan itacen da ya tsiro, in garma ba ta tumɓuke shi ba, akuya za ta cinye shi. Masu gawayi sun bi ƙirya da marke. Masu magani su kan ɓare maɗaci da hano har ɓawon ya zagaye gindi, su haƙe saiwar sanya ƙarƙaf. Ɗorawa da kaɗanya da ku ke gani tsaye cikin gonaki kada su ruɗe ku, yawancinsu tsofaffi ne, ba ƙanana a bayansu. Garken da ba maraƙi a cikinsa, ko shanu ɗari ne, ƙarewa ya ke yi.

Labarin madobiya ya isa misali. Itace ne da makiyaya suka sani, gama da ƙarshen rani, sa'ad da ciyawa ta ƙare, shi ke fid da sabon ganye a sassaro wa shanu. Katakonsa ja ne mai nauyi, attajiran ƙasar Sin kuwa suna son kujeru da gadaje na irinsa. Da na ƙasashen da ke kusa da su ya yi wuya, sai fatake suka juyo Afirka ta Yamma, suna gama ƙasa suna shiga wata, har abin ya iso Nijeriya. Tsakanin 2014 da 2017 manyan motoci ba su huta ba, suna jan gumagumai daga Kogi da Taraba da Adamawa zuwa tashar jiragen ruwa ta Ikko. 'Yan katako suka sa masa suna madrid. Samari suka sami kuɗin babur, waɗanda ya kamata su hana suka kau da kai. A 2017 aka sa madobiya cikin jerin yarjejeniyar nan ta ƙasashen duniya mai tsare cinikin namun daji da itatuwa masu neman ƙarewa, wadda a ke kira CITES. A 2018 aka dakatar da fitar da shi daga Nijeriya. A 2022 kuma, a taron da aka yi a Panama, aka ƙara maɗaci da kawo cikin jerin. Amma doka ba ta mai da gungume kan kututture.

To, akwai wani irin lambu wanda ba don ci a ke yinsa ba, ba kuwa don shan iska ba. A nan za mu kira shi lambun ajiyar tsire-tsire. Abin da ya raba shi da lambun mangwaro shi ne, ko wane tsiro da ke ciki yana da suna rubuce a jikin allo, yana kuma da shafi cikin littafi: ga inda aka samo shi, ga ranar, ga wanda ya kawo. Akwai masu kiwonsa dare da rana, suna gwada yadda ya ke tsirowa da abin da ke kashe shi. In kuma ya yi 'ya'ya, a kan rarraba irin ga waɗansu lambuna, don in annoba ko gobara ta ci nan, a same shi can.

Gaskiya ita ce, ba don tsaron itatuwan kowa aka kafa waɗanda aka fara kafawa a ƙasashenmu ba. Babbansu, lambun Kew da ke Landan, an kafa shi a 1759. Daga baya Turawan mulki suka buɗe ƙanana: na Ikko a 1887, na Aburi kusa da babban birnin Gana a 1890, Jamusawa kuma suka yi nasu a Biktoriya, garin da a ke kira Limbe yanzu, cikin Kamaru, a 1892. Aikinsu a zamanin nan shi ne gwada abin da zai kawo kuɗi, watau koko da kofi da roba da irinsu. A 1876 wani Bature ya kwaso irin roba ƙwaya 70,000 daga Birazil ya kai Kew, 'yan kaɗan da suka tsira aka aika da su Asiya, daga nan cinikin roba ya bar hannun mutanen Birazil. Saboda haka wanda ya ji an ce lambun Turawa ya yi ɗari-ɗari, yana da dalili.

Duk da haka a zamanin nan an yi wani aiki da ya kamata Bahaushe ya sani. Wani likita mutumin Sikotilan, Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa tun daga 1905, ya riƙa tambayar mutane sunan ko wane itace da ciyawa da amfaninsu, yana rubutawa, yana busar da ganye da fure yana aikawa Kew. A 1916 ya buga littafin sunayen tsire-tsire da Hausa, a 1937 kuma ya buga babban littafi na tsire-tsire masu amfani na Afirka ta Yamma. Don haka ne sunan da masana na duniya suka san hano da shi, Boswellia dalzielii, ya ke ɗauke da sunansa. Sunayen nan ba daga ƙasarsu ya zo da su ba, daga bakin kakanninku ya ji su. Yau kuwa akwai sunaye cikin littafin nan waɗanda jikokin masu faɗa ba su taɓa ji ba.

Amma busasshen ganye a kan takarda ba ya tsirowa. Mutanen Nijar sun san wannan. A hamadar Tenere, kan hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma, an yi wata ƙaya guda ɗaya tak, ba wani itace kusa da ita sai an yi tafiyar kwanaki. Madugai suna gane hanya da ita, ba mai karya reshenta ya dafa shayi. A 1973 mota ta banke ta. Aka ɗauko gawarta aka kai gidan tarihi na Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta. Irin ƙayar nan bai ƙare a duniya ba, amma ku dubi abin da gidan tarihi ya iya ajiyewa: itacen wuta mai alfarma. Lambun ajiya rai ya ke ajiyewa, nan ne ya fi.

Sannu a hankali, da aka ga tsire-tsire suna ɓacewa, sai lambunan nan suka juya ga wannan aiki. Ga labari biyu, duka daga Afirka, ɗaya mai daɗi, ɗaya na takaici.

A kudu maso yammacin Ruwanda akwai wani bado, mafi ƙanƙanta a duniya, ganyensa wani bai fi farcen yatsa ba. Ba ya fita ko ina sai cikin laka a bakin wani marmaro mai ruwan zafi. Wani masani Bajamushe, Eberhard Fischer, ya gano shi a 1987, ya kai kaɗan lambun ajiya na birnin Bon. Wajen 2008 manoman wurin suka karkatar da ruwan marmaron zuwa gonakinsu, lakar ta bushe, aka nemi bado aka rasa. Na Bon yana raye, yana fure, amma irinsa in an shuka cikin ruwa kamar sauran bado sai ya lalace. A 2009 wani ma'aikacin Kew, Carlos Magdalena, ya yi ta gwaji har ya gane ba nutsewa ya ke so ba, laka mai ɗumi ya ke so, ruwa daidai bakin tukunya, ganye yana shan iska. Nan da nan aka sami ɗaruruwa. A 2023 kuma aka sake tarad da shi a dajin Ruwanda. Ku lura, manoman nan ba mugaye ba ne, ruwa su ke nema wa amfaninsu, ba wanda ya gaya musu abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu babu shi ko ina a duniya.

Na biyun a Afirka ta Kudu ne. A 1895 mai kula da lambun ajiya na Durban, John Medley Wood, ya tarad da wani itace mai kama da dabino a gefen kurmin Ngoye. Gindi ɗaya ne, namiji. Aka cire 'ya'yan gindinsa aka dasa a Durban, aka aika da ɗaya Kew a 1899, na dajin kuwa ya ƙare a 1916. Har yau yana raye cikin lambuna da yawa, amma duk jikin namijin nan guda ne, an nemi mace shekara fiye da 100 ba a samu ba. Masu dabino na Dutse da Agadas ba sai an yi musu bayani ba, sun san namiji shi kaɗai ba ya ba da kome. An ceci itacen, amma an makara, ba zai sake haihuwa ya cika daji ba. Ku riƙe wannan labari, za mu komo kansa.

Ban da dasa itace da rai, akwai ajiyar ƙwayar iri. A shekarar 2000 lambun Kew ya buɗe wani babban rumbu a ƙarƙashin ƙasa a kudancin Ingila. A kan busar da iri sarai, a zuba cikin kwalba a toshe, a ajiye a ɗaki mai sanyi digiri 20 ƙasa da inda ruwa ke zama ƙanƙara. A haka iri da yawa su kan yi shekaru masu yawa ba su mutu ba, lokaci lokaci a ɗebo kaɗan a shuka a gani. Abin da ke ciki ya wuce ƙwaya biliyan 2, na tsire-tsire iri wajen 40,000. Ƙwayar da ta cika biliyan ɗaya, a 2007, irin gora ce, gorar nan tamu ta zana da rufin ɗaki, ma'aikatan ƙasar Mali suka tara.

Wani zai ce, to, ai shi ke nan, tun da akwai masu yi, sai mu bar musu. A nan ne takardar nan ta ke cewa a'a.

Da fari, aikin ya fi ƙarfinsu. A 2021 ƙungiyar lambunan ajiya ta duniya ta ba da lissafi cewa cikin itatuwa iri kusan 60,000 da aka sani, kashi 30 cikin 100 suna cikin haɗarin ƙarewa. Yawancin lambunan kuwa a ƙasashen sanyi su ke. Wani bincike da aka yi a Kambirij a 2017 ya nuna, cikin tsire-tsiren ƙasashen sanyi wajen kashi 60 cikin 100 suna da wurin zama a wani lambu, amma na ƙasashen zafi irin namu kashi 25 kaɗai. Maɗaci ba ya zama a filin Ingila, sai cikin ɗakin gilashi da a ke hura wa zafi, ɗakin gilashi kuwa maɗaci nawa zai ci?

Na biyu, ba ko wane iri ne ke yarda da kwalba ba. Kaɗanya ita ce babbar shaida. Ƙwarar kaɗanya in ta bushe ta mutu, ko ba a busar ba ma 'yan makonni kaɗan ta ke yi. Ba rumbun sanyi da zai riƙe ta kamar yadda ya ke riƙe gero. Ba ta da ajiya sai a tsaye, da saiwarta cikin ƙasa, cikin zafin ƙasarmu. Ga shi kuwa sai ta yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, shi ya sa ba mai shuka ta, kowa na jiran wadda ta fito da kanta. Man da mata ke samu yau daga itatuwan da iyaye da kakanni suka ƙyale ne sa'ad da su ke sassabe. In an tambaye mu wanne muka ƙyale, me za mu nuna?

Akwai kuma abin da ku manoma kuka fi kowa sani, watau iri yana da gida. Geron da ya saba da jigawar Daura ba ya jin daɗin ƙasar Binuwai, dawar Zariya in an kai ta Damagaram ruwa zai ɗauke ba ta nuna ba. Itatuwa ma haka su ke. Maɗacin da kakanninsa suka sha fari a ƙasar Sakkwato suka tsira, ba ɗaya ya ke da na bakin kogi a kudu ba, ko da sunansu ɗaya. Muna da lambun Jami'ar Ibadan tun 1948, muna da na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, akwai cibiyar ajiyar iri ta Gwamnati a Ibadan tun 1987, Burkina Faso kuma tana da cibiyar irin itatuwa a Wagadugu wadda ta yi suna. Duk suna aiki gwargwadon abin hannunsu. Amma ba mai zuwa daga Ibadan ya san ƙiryar nan guda uku da suka rage a bayan dutsen garinku. Ku kuka san su.

Wani kuma zai ce ai akwai gandun daji. Akwai, kuma ba abin da ya kai daji tsaron itacen daji, gama can ne ƙudan zuma da jemage da tsuntsaye su ke yi masa aikin barbara da baza iri. Lambu ba ya maye gurbin daji, wanda ya ce a sare daji tun da an dasa lambu maƙaryaci ne. Amma ku dubi halin da gandaye su ke ciki. Waɗansu an cinye su da noma da gine-gine. Waɗansu, kamar Rugu da Kamuku da Sambisa, 'yan bindiga sun shige su shekara da shekaru, har ma'aikacin daji bai iya kewayawa yadda ya kamata. Wanda ya zuba dukiyarsa duka a ɗaki ɗaya, ran gobara ba ya fita da kome.

Maganar da ta fi ƙarfi ita ce ta mutanen Maraɗi, kuma dole a ba su girmansu. Tun daga 1983, tare da wani ma'aikacin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, suka kama abin da su ke kira sassabin zamani: maimakon a sare tohon kututture duka, sai a bar biyu ko uku masu ƙarfi, a yi musu aski, a tsare su. Ba leda, ba ban ruwa, ba kuɗi. Da wannan dabara an ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun tashi a gonaki hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ko wane manomi ya kamata ya yi haka, ba ja. Sai dai sassabin zamani abin da ke da rai a ƙasa ya ke tasarwa. Inda kututturen kalgo da sabara da gawo ya ke, su za su tashi. Inda ƙirya ta mutu har saiwa, ba kuwa uwa kusa da za ta zubo iri, ko shekara nawa aka yi ana aski ƙirya ba za ta fito ba. Dole sai an kawo ta da hannu, a nan ne a ke bukatar wurin da za a ɗebo.

Kada kuma a ce ai a kan yi dashen itatuwa ko wace shekara. Ku je wurin renon itatuwa mafi kusa da ku, ku duba abin da ke cikin leda: darbejiya, turare, mangwaro, kashu. Darbejiya baƙuwa ce daga Indiya, wajen 1928 aka kawo ta ƙasar Barno. Ta yi mana rana, ba mai musun inuwarta. Amma ba ta ba da kalwa, ba ta ba da man kaɗe, maƙeri ba ya samun gawayin ƙirya a jikinta. An fi son ta don ba ta da wuyar reno, akuya kuma ba ta cika damunta ba. Sauƙin ma'aikaci ne ya zaɓa mana itatuwan da za mu zauna da su, ba bukatarmu ba.

To, ga shawarar. Ko wace gunduma, in ma da hali ko wane babban ƙauye, ta keɓe fili kamar eka 2 ta yi nata lambun ajiya. Ya ku dagatai, wannan a hannunku ya ke, gama ku kuka san hurumi da bayan makaranta da gefen maƙabarta da bakin fadama. A zaɓi wuri kusa da rijiya, kusa da idon mutane. Abin da ya fi kome wuya ba dashen ba ne, riƙe filin ne. Fili kusa da gari yau kuɗi ne, dagacin da ya ba da shi da baki, wanda ya gaje shi zai yanka shi fuloti. Saboda haka a kafa duwatsun iyaka, a rubuta takarda da sa hannun hakimi, a kai ƙaramar hukuma ta buga hatimi, tun da dokar ƙasa ta 1978 ita ta ba ikon filayen karkara a Nijeriya. A karanta takardar a bainar jama'a ran kasuwa.

In an bar taki 10 manya tsakanin itace da itace, eka 2 za ta ɗauki kamar 80. Kada ku yi sha'awar tara ko wane iri guda guda don baƙi su zo su yi kallo. Ku tuna da namijin Durban. Giginya da goruba da kanya da danya duk akwai namiji akwai mace, ba kuwa a gane su sai sun girma. Wanda ya dasa kanya biyu, ya yi shekaru yana jira, ya tarar duk maza ne, ya yi aikin banza. Ko waɗanda ba su da wannan rabo, in duk 'ya'yan uwa ɗaya ne, cutar da ta kama ɗaya za ta iya kwashe su duka, irinsu kuma ya kan yi rauni. Gara ku zaɓi iri 4 ko 5 waɗanda suka fi ƙarewa a ƙasarku, ko wanne ku dasa 15 ko 20, gundumar da ke maƙwabtaka da ku ta ɗauki waɗansu, ku riƙa musaya. Irin kuma a tara shi daga uwaye da yawa masu nisa da juna, ba daga wadda ke bakin hanya kaɗai ba. Ƙa'idar masu tara iri ita ce kada a ɗebi fiye da kashi 1 cikin 5 na abin da ya nuna, a bar wa daji sauran.

Wa zai nuna uwayen? Ba ɗan boko ba. Mata masu tsintar kaɗanya sun san wadda ta fi zaƙi da wadda ta fi mai. Fulani sun san inda kawo da madobiya suka rage. Maharba, masu magani, masassaƙa, maƙera, ko wanne yana da taswirar daji a kansa. A tara su a zauren dagaci a tambaye su da girmamawa. Mai magani wataƙila ya ƙi faɗin sirrin haɗinsa, ba a kuwa bukatarsa, inda itacen ya ke kaɗai a ke nema, shi ma ai ya gaji da tafiyar yini guda neman saiwa ɗaya. Aikin mai karatu shi ne littafi. Da boko ko da ajami, a rubuta sunan itace da Hausa da Fulatanci ko wane harshe na wurin, da inda uwar ta ke, da ranar tarawa, da amfaninsa. Lambun da ba littafi, bayan shekara 20 kurmi ne kawai, ba mai sanin asalin abin da ke ciki. A ba ma'aikacin daji kofe, a roƙe shi ya kai wani kaso na irin ga manyan lambuna. In kuwa baƙo ya zo neman iri ko saiwa da yawa, dagaci ya nemi takardarsa. Tun yarjejeniyar Riyo ta 1992, wadda Nijeriya da Nijar duk suna ciki, tsire-tsiren ko wace ƙasa mallakarta ne, zamanin kwasar roba ya wuce.

Shekara uku na fari su ne na wahala. A yi shinge mai rai da dashi ko bini-da-zugu, a ƙara ƙaya, don akuya guda ta isa ta rushe aikin damina cikin yini ɗaya. Kafin ciyawa ta bushe a share kewayen fili da faɗi saboda gobara. A sa mutum ɗaya tak mai kula, wanda kowa ya san shi ne, gama abin da aka ce na kowa ne ba mai ba shi ruwa. Ladansa kuwa, a bar shi ya noma gyaɗa ko wake tsakanin layuka har itatuwa su rufe. Yana noman nasa yana nome nasu. Kada a kira maroƙa da manyan baƙi ran dashe. In ana son biki a yi shi bayan rani na uku, a ƙirga waɗanda suka rayu.

Ko wane iri da halinsa. Masu taurin ɓawo, kamar ƙirya da kawo da kuka da gawo, a ɗan kankare gefen ƙwayar da wuƙa, ko a zuba musu ruwan zafi a bar su su kwana ciki, in ba haka ba sai su daɗe ba su tsaga ba. Irin maɗaci ba ya son ajiya, a shuka shi da ɗanyensa da zarar kwanson ya fashe. Hano da cediya reshe a ke yanka a kafa. Giginya a binne ƙwallon a inda a ke so ta zauna, don muruci ya kan nutsa ƙasa da nisa, ba ya son a taɓa shi. Waɗanda za a rena cikin leda a shuka su tun da sauran wata 4 ko 5 ruwa ya zauna, a ajiye su a inuwa, a dasa sa'ad da ƙasa ta jiƙu sosai, ba da ruwan fari ba.

Wanda ya ke so ya dasa a damina mai zuwa, tun da kaka zai fara zagaya uwayen yana sa musu alama, ya kuma gaya wa masu gonakin da su ke ciki kada a sare. Madobiya da maɗaci da ƙirya da rani su ke nuna, ɗorawa da bazara. Kaɗanya sai farkon damina, ita kuwa ba ta jira: a tsinci wadda ta faɗo da kanta, a cire naman, a shuka ƙwara biyu ko uku a rami ɗaya cikin makon nan, a inda za ta zauna, a kafa turke a gefe don kada mai noma ya bi ta kai da fartanya.